Tsohon soron kakanmu nake so in mayar shago

Ɗan Birni: Jama'a, soron kakanmu a cikin birnin Kano, ginin tubali ne, rufin azara. Ina so in faɗaɗa ƙofar in sa shagon yadi. Katangar gabas ta tsage. In shafe da siminti?

Tsohon Magini: Kul, yaro! Siminti yana riƙe danshi, ƙasar ta ruɓe daga ciki ba ka sani ba. Fara duba azarar, ko gara ta ci. Gyara indararo, sannan a yaɓe da makuba. Ƙofar kuwa, kada a fasa sai an tokare rufin.

Maman Hanifa: Malam, kira injiniya tukuna. Namu ya rufta da damina, Allah Ya tsare ba kowa ciki.

Ɗan Birni: Na gode, Baba. Gobe zan hau rufin.