Shaf ɗin injin niƙa yana karyewa a wuri ɗaya, kwamfuta kuma ta ce lafiya lau

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. A shagon yayana nake aiki nan Katsina, muna ƙera injin niƙa mai guduma wanda masu haɗa abincin kaji ke saya. Shaf ɗinmu mili 40 ne, yana saukowa 35 a mazaunin boris. Daidai gindin wannan matakin yake karyewa, ta gefen fuli, bayan 'yan watanni. Na zana shi a manhajar zane ta FreeCAD, na sa nauyin gudumomi da jan bel, manhajar lissafi ta CalculiX ta ba ni wajen MPa 90 (ma'aunin jan da ke cikin ƙarfe), alhali ƙarfe mai laushi sai ya kai kusan 250 yake fara lanƙwasa. To me ke karya shi? Yaya dai cewa ya yi in bar wasa da kwamfuta, mu ƙara kauri kawai.

Injiniya daga Daura:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tambayi kwamfuta ko shaf da ke tsaye zai lanƙwasa, ta ce a'a, kuma gaskiyarta. Naka juyawa yake yi. Kowane juyi, gefen da bel ya miƙe zai koma ya matse. A juyi 2,900 cikin minti, kafin awa 6 ya yi wannan sau miliyan. Gajiyar ƙarfe ke nan, kuma tana cin shaf a ƙasa da 250 nesa ba kusa ba.

Sannan 90 ɗin nan ban yarda da ita ba. In kusurwar matakin mai kaifi ka zana, ka ƙanƙanta ragar lissafin (ƙananan yankunan da kwamfuta ke raba zanen) a wurin ka sake gwadawa. Adadin zai yi ta hawa ba tsayawa. Ka zana lanƙwasa a gindin matakin maimakon kusurwa mai kaifi, ka gwada mili 1, 2 da 3. In boris mai lamba 6207 ne mai jingina da matakin, kada ka wuce mili 1, don ba zai zauna ba. In UCP207 ne mai ɗauri da kusa, matsar da matakin baya ka ba shi lanƙwasa babba.

Baban Walda:
Yaro, ni ban iya na'urarku ba. Amma wane ƙarfe ne? In guntun da aka auno a Ƙofar Ruwa ne ba takarda, wa ya gaya maka 250? Kuma kuna auna gudumomin a sikeli kafin ku jera? Ɗaya ta fi 'yar'uwarta nauyi, injin ya dinga rawa, ai ko shaf ɗin tirela ka sa sai ya tafi. Duba bakin karayar, in ka ga santsi da zobe-zobe kamar an yanka albasa, Injiniya ya faɗi daidai.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Baba, zoben na nan kuwa, kuma UCP207 muke sawa. Na gwada lanƙwasar mili 3, jan da ke gindin matakin ya ragu sosai. Yallabai Injiniya, rawar gudumomin fa, ta yaya zan shigar da ita lissafin?

Injiniya daga Daura:
Bambancin nauyin a kilo, sau nisansa daga tsakiya a mita, sau saurin juyi a radiyan (ma'aunin kusurwa) cikin daƙiƙa, ka kuma sake ninkawa da saurin juyin. Juyi 2,900 kusan radiyan 304 ne a daƙiƙa. Giram 20 a nisan santimita 15 ya kusa nitan 280 (ma'aunin ƙarfin ja). Fara auno gudumomin ka turo mana.