Shawarwarin da aka ba ƙanina bayan jami'a ta sallame shi

Da takardar sallama ta iske ƙanina saboda kwasa-kwasan da ya faɗi, mun zauna a gidan kawu a Unguwar Rimi. Wani tsohon malamin jami'a ya fi nanata abu ɗaya: "Ɗana, kuka ba ya isa, kawo hujja." Yaron ya kwanta asibiti lokacin jarrabawa, don haka aka ce ya haɗa takardar likita mai hatimi da wasiƙar ɗaukaka ƙara, ya bi ta shugaban sashe zuwa magatakarda, ya riƙe kwafin da aka buga wa tambarin karɓa, kuma kada ya jinkirta. Inna ta ce a duba ko makin wani kwas ya ɓace. In an ƙi amincewa da ƙarar, ya nemi sauya sashe.