Lissafin ƙarshen wata na neman haɗa ni da yayana: in ɗauki akanta ko in gyara da kaina?

Na_Singa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zama a shagon kayan masarufi a kasuwar Singa da ke Kano, taliya, madara, sabulu, man girki, sari da ɗai-ɗai. Jarin na yayana ne da ke aiki a Fatakwal, mun yi da shi duk ƙarshen wata in tura masa lissafi mu raba riba. A Janairu na biya hayar shekara 1,200,000, na kuma sayi janareta 480,000, sai littafi ya nuna mun faɗi warwas. Fabrairu kuma riba ta fito jingim, har da 300,000 da wani ɗan Haɗejiya ya ba ni kafin alƙalami, bai ma kwashi kayan ba. Yaya ya kira yana tambaya wane irin shago ne yau ya mutu gobe ya tashi, kuma ban ji daɗin muryarsa ba. Ga katan 6 na madara a sito da wa'adinsu ya wuce, ban san inda zan sa su ba. Wani akanta ya ce zai riƙa zuwa duk wata a kan 40,000. In ɗauke shi, ko akwai yadda zan yi da kaina?

Sadiq_FarmCentre: Wa alaikumus salam. Sauke manhajar lissafi a wayarka kawai, ka shigar da ciniki kullum. Zamanin littafi ya wuce.

Alhajin Kwari: Ɗana, tun kafin a haife ka nake kasuwa ban taɓa ɗaukar akanta ba. Sau ɗaya a shekara, kafin azumi, muke rufe shago mu ƙirga kaya, mu tara bashin da muke bi, mu cire wanda ake bin mu, mu fitar da zakka. Abin da ya hau kan uwar kuɗi shi ne riba. Wannan rabon wata-wata shi zai kashe ku.

Baban Khalifa: Ni maganar yaya ce ta tsaya min a rai, don irin ta ce ta raba ni da ɗan baffana. Shi ya zuba jari, ni nake zama a kasuwar Kwari, atamfa da shadda. Amana ce tsakaninmu, littafinmu ciniki ne da bashi kawai. Zai kira ya ce turo min dubu ɗari zan biya makarantar yara, turo min dubu hamsin matata ta haihu, in tura. Da na ce mu riƙa rubutawa sai ya ce ashe har mun kai nan? A Agustan 2022 ruwa ya shiga kasuwa, duk wanda ke Kano ya san abin da ya faru, diloli suka jiƙe, rini ya zuba, abin da muka tsira da shi bai kai rabi ba. Ko sati ba a yi ba ya zo ya ce in ba shi jarinsa cif yadda ya ba ni. Na ce kuɗin da ka riƙa karɓa fa? Ya ce ai riba ce yake ci. Aka zauna gaban manya, aka ce in kawo shaidar yawan kayan da ke shago kafin ruwan. Wace shaida? Filina na Ɗorayi na sayar na biya shi. Yau ko a jana'iza muka haɗu, hannu kawai muke ba juna, yaranmu ba sa zuwa gidan juna da Sallah.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri Baban Khalifa. Amma su manyan ba su ga ruwan da idonsu ba ne?

Baban Khalifa: Sun gani Hajiya. Cewa suka yi shi babba ne, in yi haƙuri a rufa asiri.

Malam na Ƙofar Mata: An zalunce ka in dai yadda ka faɗa ne. Wannan ciniki ƙiradi ne: ɗaya ya kawo dukiya, ɗaya ya kawo aiki. In asara ta zo ba da sakaci ko ha'inci ba, a kan mai dukiya take, shi ma'aikaci wahalarsa ce ta tafi. Kuma ba a cewa an ci riba sai uwar kuɗi ta tsira. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka mai cewa rubutu rashin yarda ne ya sake tunani.

Sadiq_FarmCentre: Shi ya sa ni ko ƙanena ne ya ɗauki caja sai ya biya.

Aisha Akanta: Ku yi haƙuri, bawan Allah ya kawo matsaloli huɗu ba wanda ya taɓa ko ɗaya. Malam Na_Singa, shagonka lafiyarsa ƙalau, littafinka ne yake bin fitar kuɗi da shigarsu maimakon ya bi watan da abin ya shafa. Hayar nan ta wata 12 ce. Ranar da ka biya ka rubuta ta a shafinta a matsayin hayar da aka biya gaba, sannan duk ƙarshen wata ka ɗebo 100,000 ka sa a cikin kashe-kashen watan. Ƙarshen Fabrairu saura 1,000,000 a shafin, kuma wannan dukiyar shago ce har yanzu. Janareta ma haka: ku yanke shekarun da kuke ganin zai yi, in kun ce 4, wata 48 ke nan, 10,000 duk wata. Kuɗin ɗan Haɗejiya ba ciniki ba ne tukuna, bashi ne a kanka har ranar da ya ɗauki kayansa, ranar ce zai koma ciniki. Madarar kuma asara ce a kan kuɗin da ka saro ta, ka cire ta daga kayan sito, ka ɗauki hotonta ka tura wa yayanka.

Abin da ya fi wuya shi ne ƙirga kaya, kuma ba makawa. Kayan farkon wata, ka haɗa da sarin watan har da kuɗin mota da dako, ka cire kayan da ka ƙirga ranar ƙarshe. Misali ka fara da 6,000,000, ka saro na 4,500,000, ka ƙirga 5,800,000, to kayan da suka fita sun ci 4,700,000. In cinikinka 5,300,000 ne, da na hannu da na bashi, ka ga 600,000 a sama. Daga nan za ka cire haya, janareta, fetur da albashin yaro, ko da sai 3 ga sabon wata za ka ba shi. Kuɗin cefanenka da abin da yaya ya karɓa shafinsu daban, ba kashe-kashen shago ba ne.

Na_Singa: Allah ya saka da alheri Anti. Ke nan Janairu ba mu faɗi ba. To 40,000 ɗin ya yi daidai?

Abba Sabongari: Tsada! Nawa 15,000 nake ba shi, ɗalibi ne, ranar Asabar yake zuwa.

Hajiya mai Leshi: 15,000 wane aiki zai maka? Ni 70,000 nake biya, kuma tana zama a ƙirga kaya a gabanta.

Dan Dawanau: Mu a nan buhu ɗaya na masara muke ba malamin da ke mana rubutu in kaka ta yi, kowa ya gamsu.

Sadiq_FarmCentre: Manhaja kyauta ce fa jama'a.

Aisha Akanta: Manhaja ba za ta shiga sito ta ƙirga katan ba. Abin da ka ba ta shi za ta dawo maka da shi.

Alhajin Kwari: 'Yata, ba raini ba, kin taɓa sayar da ko yadi ɗaya? Wannan raba janareta gida 48 a takarda yake. Kuɗin sun fita tun Janairu, aljihunsa ya sani. Kakanninmu sun yi fataucin goro har Gwanja ba su san wannan ba.

Aisha Akanta: Baba, a shagon mahaifina na Kurmi na koyi ƙirga kafin in shiga makaranta. Kuma ayarin Gwanja ma da malaminsa mai rubutu ake tafiya. Ku dukiyarku ce, in kun ga dama ku ƙirga shekara-shekara. Shi dukiyar wani ce a hannunsa, kuma ana raba riba duk wata. In ya raba 300,000 ɗin nan, ɗan Haɗejiya ya dawo ya ce ya fasa, daga aljihun wa za a biya?

Alhajin Kwari: Shi ya sa na ce su daina rabon wata. Magana ɗaya muke yi, ke da biro ni da furfura.

Abba Sabongari: Madarar nan dai in ba a samu shafin da za a sa ta ba, akwai shafi a cikina, ga shayi ga burodi.

Maman Ilham: Kai Abba, wadda ta lalace? Kar ma wani ya ji ya sayar wa masu shayi, yara ne za su sha.

Hajiya mai Leshi: Ni abin da ba wanda ya faɗa shi ne farashi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma naira ta faɗi, sai littafi ya nuna maka riba, ka koma sari ka tarar kuɗin gaba ɗaya ba za su mayar da kayan da ka sayar ba. In kun rabe duk ribar takarda, shago zai riƙa ramewa kuna murna. Ku bar wani kaso a ciki.

Dan Dawanau: Gaskiya ne. Sannan ga tiransifa. Littafi ya ce an biya, banki ya ce bai gani ba. Watan jiya wani ya nuna wa yarona alat a wayarsa, ya loda buhu 4 na wake a Adaidaita ya tafi. Har yau shiru.

Baban Khalifa: Alat na bogi ya zama ruwan dare a Kwari, musamman da yamma in kasuwa ta cika. Ni yanzu sai na ga kuɗi a asusuna da idona kafin kaya su bar shago, ko da mai rawani ne.

Sadiq_FarmCentre: To in netiwok ya ɗauke fa? Kwastoma ya tsaya awa biyu? Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 mutane suka daina yawo da tsaba, ba yadda za ka yi.

Aisha Akanta: Shi ya sa ƙarshen wata ake zaro takardar banki a bi ta layi-layi da littafi. A nan za ka ga har naira 50 da ake cira a kan tiransifar 10,000 zuwa sama, da cajin na'urar POS. Su ma kashe-kashe ne, kuma suna taruwa.

Hajiya mai Leshi: Ni an cire wa kwastomata kuɗi, ni ba su shigo min ba, muka yi ta zarya a banki ana cewa mu dawo. Ita tana ganin na ci, ni ina ganin kayana sun tafi.

Na_Singa: Jama'a, akantan nan ya ce in ba shi amsa kafin Juma'a. In ce masa ya zo wata biyu ya koya min in ci gaba, ko hakan raini ne?

Dan Dawanau: Hajiya, naki daga baya sun shigo? Don ni yaron na ce zan cire a albashinsa, uwarsa ta zo har gida tana kuka, yanzu ban san kan wa zan rubuta waken ba.