Gidauniyar tunawa da marigayi: ta ina ake farawa, me kuma ke kashe ta?

Baban Amira, Gombe: Assalamu alaikum. Iyalai da tsofaffin ɗaliban wani malami da Allah ya yi wa rasuwa suna son kafa gidauniya da sunansa. Buri uku ne: biya wa yara kuɗin makaranta, shirya lacca sau ɗaya a shekara, da tsaya wa talakan da aka danne wa haƙƙi. Waɗanda suka riƙe irin wannan amana, a taimaka mana da abin da aka gani.

Barista, Bauchi: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam. Kada a karɓi ko sisin kowa sai an yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, wato masu riƙe amanar gidauniya, ƙarƙashin Sashen F na dokar kamfanoni ta 2020. Za a fara neman amincewa da suna. Sannan a yi zaman da zai naɗa amintattu, a rubuta bayanin zaman, shugaba da sakatare su sa hannu. A rubuta kundin tsarin mulki. Sai a buga sanarwa a jaridu biyu da sunayen amintattu da manufofin gidauniyar, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Kowane amintacce zai ba da lambar NIN, kuma dole sunansa a takardu ya zo daidai da na NIN harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa a dawo da takardu.

Bayan satifiket ɗin CAC sai lambar haraji da takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Banki zai nemi ganinsu kafin asusun ya yi aiki sosai. Abin da aka fi mantawa shi ne rahoton shekara-shekara ga CAC. Idan aka bar shi, tara na taruwa, kuma duk mai son ba da tallafi da ya duba zai ga gidauniyar a cikin waɗanda ba sa aiki.

Shawarata kan amintattu: biyar ko bakwai, kada 'yan gida su wuce biyu. Ranar da saɓanin gado ya tashi, idan duk 'ya'yan marigayi ne, asusu ya tsaya ke nan.

Malam, Azare: Barista ya taɓo wurin da nake so. A fitar da haƙƙin magada tukuna. Idan marigayin ya bar wasiyya, ba ta wuce sulusin dukiya sai da yardar magada. Idan bai bari ba, a raba gado, kowa ya riƙe rabonsa, sannan baligi mai so ya bayar daga nasa. Ba a taɓa rabon maraya da sunan sadaka ga mahaifinsa. Kuma idan an ce shago kaza ko gona kaza waƙafi ne, a rubuta da shaidu, a mayar da takardar mallaka zuwa sunan gidauniyar. Waƙafin baki kawai, jikoki ne ke sayar da shi.

Hajiya, ma'aji, Gombe: Ni a kan kuɗi zan tsaya, domin nan ne gidauniyoyi ke mutuwa, galibi a shekara ta uku. Ranar ƙaddamarwa za a ji alƙawura masu daɗi a lasifika. Kada a yi kasafi da su. Abin da ya shiga asusu shi ne kuɗi. Shekarar farko zuciya na da zafi, kowa na bayarwa. Ta biyu sai an bi mutane da waya. Ta uku sai 'yan gida kaɗai.

Don haka a raba abin da aka tara gida biyu tun ranar farko: uwar kuɗi da ba a taɓawa, da abin da take haifarwa. Uwar kuɗi ta tafi cikin abin da ke kawo haya, kamar shaguna a bakin kasuwa ko ɗakunan ɗalibai kusa da Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere. Daga hayar ma a ware wani kaso na gyaran rufi da lokacin da ɗaki zai zauna babu kowa. Kuɗin da aka jibge a asusu kawai, tsadar kaya ce ke cinye shi a hankali.

Masu sa hannu uku, biyu daga ciki su isa fitar da kuɗi, kuma kada biyun su zama 'yan gida ɗaya. A daina kwatanta kai da Gidauniyar Tunawa da Sardauna da ke Kaduna. Wannan gwamnonin jihohin Arewa 19 ne suka kafa ta. Gidauniyar iyali ba ta da irin wannan gata.

Baban Amira: Hajiya, an yi maganar fara ɗaukar yara goma duk shekara. Ya yi yawa?

Hajiya: Yi lissafin da kanka, Alhaji. Goma bana, goma baɗi. A shekara ta huɗu kana ɗauke da arba'in a lokaci ɗaya. Idan akwai mai karanta injiniya shekara biyar ne, likita shida. Ga yajin aiki: na ASUU a 2022 ya ci wata takwas, kuma haya ba ta jira. Fara da uku ka kai su ƙarshe. Yaron da aka saki a aji biyu ya fi wanda ba a taɓa ɗauka ba shiga ƙunci.

Malama Maman Khalifa, Bauchi: Ƙari a kan zaɓen yara. A rubuta sharuɗɗa kafin a buɗe fom, a manna su a fili: sakamakon WAEC ko NECO, shaidar samun gurbi ta JAMB, da halin gida. Sakamako a duba shi da katin dubawa a gaban kwamiti, kada a dogara da kwafi. Halin gida kuma takardar mai unguwa ba ta isa ba, domin da wuya ya hana ɗan unguwarsa. Mutum biyu su je su gani da idonsu. A kuma rubuta cewa 'ya'yan amintattu ba sa shiga. Wannan layi ɗaya yana sauke wa shugaba nauyin roƙon dangi.

Kuɗin makaranta a biya kai tsaye. A makarantun tarayya irin ATBU, jami'ar tarayya da ke Bauchi, ɗalibi zai fitar da lambar biyan kuɗi ta Remita, ma'aji ya biya, a ajiye rasit. Idan aka damƙa kuɗin a hannun uba a lokacin da babu hatsi a gida, ba mugunta ce za ta sa ya taɓa ba, yunwa ce. Amma kuɗin abinci da na mota su tafi asusun ɗalibin wata-wata, domin yawancin masu barin karatu ba rajista ce ke korarsu ba, abin kaiwa baki ne. Tunda NELFUND, hukumar rancen ɗalibai ta tarayya, ta fara ba da rancen karatu a 2024, a tambayi ɗalibi ko ya karɓa, kada a biya abu ɗaya sau biyu.

Game da 'yan mata, matsalar tana tun ƙasa. Idan aka jira sai jami'a, kaɗan ne za su zo neman fom. A kama su daga aji uku na ƙaramar sakandare, a biya kuɗin jarrabawa, a zauna da iyaye.

Dakta, Tudun Wada: Lacca kuma. Bauchi ba baƙuwar muhawara ba ce: a shekarun 1940 su Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun riƙa zaman tattaunawa a garin, ana tambaya ana amsawa. Abin da ke lalata tamu yanzu shi ne jiran babban baƙo da jerin gaisuwa. A sa ƙarfe goma, a fara sha biyu, masu jawabin fatan alheri su cinye awa biyu, mai lacca ya karanta takarda da Turanci a gurguje, a tashi sallar Azahar babu tambaya ko ɗaya.

Tsarin da ke aiki: mai lacca minti 40, masu sharhi biyu da ba su yarda da juna ba minti goma-goma, sauran awa guda na jama'a. A yi da Hausa. Maudu'i ya zama mai iyaka, misali burtali da rikicin manoma da makiyaya a ƙaramar hukuma ɗaya, kuma manomi da Arɗo su zauna a kan teburi. A karɓi takardar mai lacca tun saura wata guda, a ɗauki murya a kai gidan rediyo. A guji watan azumi da lokacin kamfen. Idan an samu sashen jami'a da zai riƙe laccar, ya fi; Gidan Mambayya a Kano, wato gidan marigayi Malam Aminu Kano, yana ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma wannan na cikin abin da ya sa taron tunawa da Malam Aminu ya ɗore.

Hajiya: Dakta, na yarda, amma a sa wa taron iyaka a kasafi. Rumfa da abinci da kalanda da lambobin yabo suna iya cinye kuɗin karatun yara biyu.

Barista: Buri na uku ya fi kowanne faɗi, don haka a zaɓi abu ɗaya. Mafi sauƙin aunawa shi ne waɗanda ke gidan gyaran hali saboda sun kasa biyan tara. A nemi jerin sunaye daga jami'in walwala na gidan, lauya ya duba takardar hukunci, domin wani bayan tara akwai diyyar da kotu ta ce ya biya wanda ya kai ƙara, kuma biyan tara kaɗai ba zai fitar da shi ba. A biya a rajistarar kotu, a karɓi rasit, a bi takardar saki har ƙofa. A tanadi kuɗin motar komawa gida. Masu jiran shari'a kuwa ba tara ce matsalarsu ba. A haɗa su da ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a na jiha, a kuma shirya fayilolinsu kafin ziyarar Babban Jojin jiha. Kada a ɗauki hotonsu a sa a Facebook.