Neman shawara: saiwar attarugu ta cika tukunya, zogale kuma yana zubar da ganye a cikin ɗaki

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ina neman shawararku a kan shuke-shuke biyu da nake reno a cikin ɗaki. Ina zaune ne a Landan, a saman bene, ba ni da tsakar gida, saboda haka tun farkon bazara na sa attarugu da zogale a tukwanen roba, na jera su a bakin tagar falo, wadda hita, wato na'urar ɗumama ɗaki, take ƙarƙashinta. Attarugun yana cikin tukunya mai cin kimanin lita 3, zogalen kuma, wanda na shuka daga iri, yana cikin mai cin lita 10. Kowace safiya ina ba kowannensu ruwa kofi ɗaya.

Tun da watan Nuwamba ya kama, duka biyun suka fara yaushi. Attarugun ya daina tsawo, furensa yana kaɗewa, saiwoyi sun leƙo ta hujin ƙasan tukunya, kuma idan na zuba ruwa nan take yake fita cikin farantin da ke ƙasa. Zogalen kuwa ganyensa ya zama ruwan ɗorawa yana zuba, ƙasarsa kullum a jiƙe take, ga wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe da ke tashi daga cikinta. Shin ƙarin ruwa suke so, ko tukwane zan sauya musu? Ba na son in rasa zogalen nan musamman, domin ɗanyen ganyensa yana da wuyar samu a nan.

Amsar wani dattijo mai noman rani daga Kadawa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ban san sanyin ƙasar da kike ba, amma na san attarugu, na kuma san zogale, kuma abin da kika bayyana ciwo biyu ne daban, ko da yake a ido sun yi kama. Attarugunki ƙishirwa yake ji, zogalenki kuwa ruwa ne ya yi masa yawa, don haka kofi ɗayan nan da kike raba musu daidai wa daida kowace safiya bai dace da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tukunyar lita 3 ta yi wa attarugun da ya yi wata bakwai ko takwas kaɗan. Idan saiwa ta isa bangon tukunya ba ta sami hanya ba, sai ta bi bangon tana kewayawa, har ta naɗe kamar gammo, ƙasar da za ta riƙe ruwa ta ragu ƙwarai. Daga nan duk ruwan da aka zuba sai ya bi ta gefe ya wuce, tsakiyar ta zauna a bushe. Ki dafa saman ƙasar da tafin hannunki, karan shukar yana tsakanin yatsunki, ki kifa tukunyar ki zare ta a hankali, za ki gani da idonki. Idan haka ne, ki mayar da shi tukunya mai ɗan girma, ki zuba tsakuwa a ƙasanta don ruwa ya riƙa wucewa.

Shi kuwa zogale, ai a nan gida a jikin danga muke kafa shi, ya ƙetare rani ba mai ba shi ko ɗigo. Wanda aka shuka daga iri yana yin uwar saiwa mai kauri wadda take nutsawa ƙasa tana ajiye masa ruwa da abinci, kuma ba abin da ke kashe ta da sauri kamar kwanciyar ruwa. Ki ɗauke masa hannu har sai ƙasar ta bushe sosai.

Amsar wata 'yar'uwa mazauniyar Birmingham:

'Yar'uwa, abin da Baba ya faɗa game da bambancin shuke-shuken biyu haka yake, ni dai zan ƙara abin da ya shafi hunturun ƙasar nan, domin shi ne ya sauya lissafin. A watan Disamba tsawon yini a Landan kimanin awa 8 ne kawai, hasken da ake samu ma mai rauni ne, kuma shuka tana shan ruwa ne gwargwadon hasken da take samu da yawan ganyen da take da shi. Zogalen da ya shanye kofi ɗaya a watan Yuli ba zai iya shan ko rabinsa yanzu ba, balle ga shi ganyen ya zube. Zubar ganyen ita kaɗai ba alamar mutuwa ba ce, domin zogale yakan kwanta idan sanyi ya shigo, ya sake toho idan ɗumi ya dawo, muddin saiwar tana da lafiya. Ƙananan ƙudajen da kike gani kuma a jiƙaƙƙiyar ƙasa suke yin ƙwai, idan saman ƙasar ya riƙa bushewa za su ragu da kansu.

Ki bar ban ruwa da agogo. Ki cusa yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu, idan kin ji danshi ki ƙyale ta. Ki kuma saba ɗaga tukunyar bayan kin ba ta ruwa da kuma lokacin da ta bushe, hannunki zai koyi bambancin nauyin, wannan kuwa ya fi kallon saman ƙasa gaskiya. Ranar da za ki bayar, ki bayar a wadace har ya fito ta ƙasa, bayan kamar minti 20 ki zubar da wanda ya taru a faranti. Kofi ɗaya kullum saman ƙasa kawai yake jiƙawa a ƙaramar tukunya, a babba kuma ya hana ta bushewa.

Game da attarugun, akwai wani abu kuma. Ƙasar shuka da ake sayarwa a buhu a shagunan nan, idan ta bushe ƙarau takan janye daga bangon tukunya, ta ƙi karɓar ruwa. Kafin ki yi komai, ki tsoma tukunyar cikin bokitin ruwa mara sanyi na kimanin rabin awa, har kumfa ta daina fitowa, sannan ki ɗaga ta ta tsane. Bakin tagar da hita ke ƙarƙashinta kuma wuri ne mai wahala ga shuka, domin da rana busasshiyar iska mai zafi tana dukanta daga ƙasa, da dare sanyin gilashi yana dukanta daga gefe, wannan kaɗai ya isa ya kaɗe fure.

Baba, a gafarce ni, a kan maganar tsakuwa ne kawai nake da ja. Ruwa ba ya saurin sauka daga ƙasa mai laushi zuwa cikin tsakuwa sai ƙasar ta cika maƙil, saboda haka tsakuwar takan ɗaga wurin da ruwa ke kwanciya ne zuwa kusa da saiwa, ta kuma cinye wurin da saiwar take buƙata. Abin da ya fi shi ne tukunyar ta kasance da huji isasshe, a kuma gauraya yashi mai manyan ƙwayoyi, ko farar tsakuwar nan mara nauyi da ake sayarwa a shagon shuke-shuke, cikin ƙasar gaba ɗaya.

Dattijon ya sake cewa:

Na karɓi gyaranki, 'yata. Mu a tukunyar ƙasa muka saba, wadda jikinta ke tsotse danshi yana fitarwa, ga ranar Kano a kanta, shi ya sa ruwa ba ya samun damar kwanciya. Roba a cikin ɗaki mai sanyi wani abu ne daban.

Mai tambaya ta dawo:

Allah ya saka muku da alheri. Na zare su duka biyu na duba. Attarugun kamar yadda Baba ya faɗa yake, saiwoyi farare sun kewaye ko'ina, da ƙyar ake ganin ƙasa, tsakiyar kuma a bushe. Uwar saiwar zogalen tana nan da ƙarfinta idan na matsa, amma ƙananan saiwoyin da ke can ƙasa sun yi duhu, sun yi laushi, suna ɗan wari. Tambayata yanzu ita ce, in yi dashen yau, ko in jira bazara? Akwai kuma wani farin abu da ya daskare a bakin tukwanen.

Amsar wani malamin aikin gona:

Malama, abin da kika gani a zogalen farkon ruɓewa ne, kuma kin tare shi da wuri tun da uwar saiwar ba ta yi laushi ba. Dalilinsa shi ne saiwa tana numfashi, tana buƙatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, idan ruwa ya cike waɗannan gurabe kwana da kwanaki sai ƙananan saiwoyi su mutu, ƙwayoyin cuta su hau kansu. Shukar da saiwarta ta ruɓe ba ta iya jan ruwa ko tana tsakiyarsa, shi ya sa take yaushi irin na mai ƙishirwa, mai ita kuma ya ƙara mata abin da ke kashe ta. Wannan ba ya jiran bazara. Ki kakkaɓe jiƙaƙƙiyar ƙasar, ki yanke duk saiwar da ta yi duhu da almakashi mai tsabta, kada ki taɓa uwar saiwar, ki mayar da shi cikin sabuwar ƙasa mai yashi wadda danshinta kaɗan ne. Zurfi zogale yake so fiye da faɗi, don haka doguwar tukunya ta fi masa, kuma ki bar shi kamar mako guda kafin ki ba shi ruwa.

Attarugun ya fi sauƙi. A ƙa'ida watan Maris ko Afrilu ne lokacin dashe a wurinku, sa'ad da yini ya fara tsawo kuma sabuwar saiwa za ta yi saurin shiga sabuwar ƙasa. Amma tun da ya kai ga ba ya iya riƙe ruwan yini ɗaya, ina ganin ki matsar da shi yanzu zuwa tukunyar da ta fi tasa faɗi da santimita 3 zuwa 5 kawai, kamar mai lita 5, ki bar babbar ta lita 10 ko 15 sai bazara. Kada ki yi tsalle zuwa ƙatuwar tukunya a cikin sanyi, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba za ta zauna a jiƙe, ki koma cikin matsalar zogalen. Bayan kin jiƙa shi, ki warware saiwoyin gefe da na ƙasa da yatsu, inda suka ƙi warwaruwa ki tsaga su daga sama zuwa ƙasa a wuri uku ko huɗu, tsagar ba mai zurfi ba, domin idan aka dasa su a naɗe za su ci gaba da kewayawa a sabuwar tukunyar. Ki bar karan a daidai zurfin da yake a da, ki kuma rage masa rassa kaɗan don ganyen ya yi daidai da saiwar da ta rage.

Farin abin da ke bakin tukwanen gishirin ma'adinai ne. Ruwan famfon Landan yana da alli da yawa a cikinsa, irin wanda kike gani a cikin butar dafa shayi, takin zamani ma yana barin nasa. Ki kankare shi, kuma ban ruwa a wadace har ya fita ta ƙasa yana wanke wani ɓangare nasa. Kada ki ba ko ɗayansu taki yanzu, sai kin ga sabon toho a bazara.

'Yar'uwar Birmingham ta ƙara da cewa:

Ki riƙa duba bayan ganyen attarugun lokaci-lokaci, domin busasshiyar iskar hita tana jawo wasu ƙananan ƙwari masu saƙa kamar ta gizo-gizo, waɗanda ke sa ganye ya yi ɗige-ɗige. Idan kin gan su ki wanke ganyen da ruwa mai ɗumi kaɗan, sama da ƙasa. Zogalen kuma ko ya zama sanda tsirara kada ki jefar da shi. Ki kankare ɓawon da farce kaɗan, idan kin ga kore a ciki yana da rai, ki ajiye shi inda ya fi haske nesa da hita da gilashi, kada ki ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe har ƙasa, wanda a wannan sanyin zai iya ɗaukar mako biyu ko uku.