Sawun Ƙafa a Montgomery

Ɗan Jidda:
Baffa na Makka, barka da hutawa,
Montgomery na je, jiya na yi dawowa.
Can Alabama ta Amurka, a 1955, Disamba na kamawa,
Aka ce Rosa Parks ta ba Bature wurin zaunawa.
Tela ce, ta taso aiki, a bas take komawa,
Ta yi zamanta daram, ta ƙi miƙewa,
Dala 14 aka yanke mata bayan kamawa.

Baffa Mai Tasbaha:
Ɗana, ka bar Harami, ka bar Zamzam,
Ka haye teku kallon bas? Ban gane ba sam!
Ga su nan Misfala, titi ya cika dam,
Kuɗin jirgin nan sun bi ruwa kam.

Ɗan Jidda:
Baffa, motar ma tana Mishigan a ajiye,
Sawun ƙafa na bi, ba taya da ƙarfe.
Kwana 381 baƙar fata sun ƙi hawa, sun daure,
Masu wankau da kuku, takalmansu sun cinye,
Sai da kotun ƙoli ta ce wariyar bas a soke.
Cocin Dexter na jagoransu Martin Luther King na nan tsaye,
Amma wani tudu ne ya bar ni a sandare:
Ginshiƙan ƙarfe sama da 800 a rataye,
Da sunayen waɗanda aka kashe ba shari'a a zane.
Kana gangarawa suna hawa bisa kanka a jere,
Ko hoto ban ɗauka ba, wuyana ya sage.

Goggo ta Madina:
Yaya, bar yi wa yaron nan dariya,
Wa ya fi gidanmu sanin zafin tafiya?
Bayan yaƙin Burmi, 1903, daga jaki sai ƙwarya,
Kakanmu ya taka har Mai Wurno ta Sudan bai waiwaya baya.
Na ga fason ƙafar Inna, sai ka ce bawon bishiya.
Ɗana, ka leƙa Selma? Zuwa Montgomery mil 54 ce hanya,
A 1965 masu zanga-zanga suka tako ta, ƙuri'a ce magana ɗaya.

Ɗan Jidda:
Na je, Goggo, gadar Edmund Pettus na haye,
Sai dai a mota mai sanyi, gilashi a rufe.

Baffa Mai Tasbaha:
To kun ji! Bakinsa na ta yabon ƙafa,
Shi kuwa yana kishingiɗe kamar kan katifa.
Hajjin bana za mu taka daga Mina har Arfa,
Kuma tsarabata ta riga ka isowa, ka ji fa.