Hannun Baba yana rawa, an ce "vata" ce: ko ciwon jijiya ake nufi?

Maman Halima, Garwa:
Assalamu alaikum. Babanmu tela ne, ya haura saba'in. Tun bara hannunsa na dama ke rawa in yana zaune shiru, amma da ya kama almakashi sai rawar ta lafa. Yanzu sai an zura masa zare a allura, takunsa kuma ya gajarta. Ɗan wana da ke karatu a Indiya ya aiko da mai da wani gari, ya ce masu Ayurveda, maganin gargajiyarsu, sun ce vata ce ta yi masa yawa, wai ita ce jijiyoyin da likitoci ke faɗa. Haka ne? Ina tsoron ba shi, ina kuma tsoron hana shi.

Malam na Marwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Baba lafiya. A wurin masu Ayurveda abu uku ke riƙe da jiki: vata mai kula da motsi da numfashi, pitta mai zafi da narkar da abinci, da kapha mai danshi da nauyi. Wanda ya karanta ɗibbun Ibn Sina ba zai yi mamaki ba, sai dai shi huɗu ya lissafa: jini, majina, safra'u da sauda'u. Tsohon littafin Ayurveda, Charaka Samhita, ya jingina cututtuka 80 ga vata, 40 ga pitta, 20 ga kapha, kuma shanyewar ɓarin jiki da karkacewar baki da makyarkyata duk a kason vata suke. Daga nan maganar jijiya ta samo tushe. Sun lura da marasa lafiya sosai, wannan ba a ƙwace musu ba.

Nas a Injamena:
Gaskiyar Malam, amma Yaya, kama da wane ba ta wane ba ce. Jijiya ana ganinta, ana auna gudun saƙon da ke bin ta da na'ura. Vata ba a taɓa auna ta haka ba. Wasu ma kan ce pitta ita ce sashen jijiyoyin da ke sa zuciya bugawa da sauri in an firgita, kapha kuma sashen da ke kwantar da jiki bayan cin abinci. Kwatance ne mai daɗin ji, ba a tabbatar da shi ba.

Abin da kika faɗa, rawar hannu a zaune da gajeren taku, ya yi kama da cutar Parkinson, wadda ke zuwa in sinadarin dofamin ya ragu a ƙwaƙwalwa. Likita ne zai tantance. Abin sha'awa, masu Ayurveda kan ba mai makyarkyata 'ya'yan karara, kuma lallai akwai lebodofa a cikinsu, sinadarin da asibiti ke ba masu Parkinson. Matsalar gari ita ce ba ki san yawan abin da ke cikin cokali ɗaya ba. Ga kuma dalma: a wani binciken da aka wallafa a 2004, an gwada magungunan Ayurveda 70 da aka saya a Boston ta Amurka, 14 na ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar arsenik. Dalma kuwa jijiyar take lalatawa.

Maman Halima, Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Garin ko takarda babu a jikinsa, a leda ya zo. Ran Litinin za mu kai shi asibiti in Allah ya yarda. Man fa, in ci gaba da shafa masa? Yana cewa yana jin daɗinsa da dare.

Nas a Injamena:
Shafa masa, in dai fatar ba ta yi ƙuraje ba. Ki tafi da garin da duk ƙwayoyin da yake sha likita ya gani, don akwai magungunan da su kansu ke sa hannu rawa.